Baƙin Ruwan Jakara da Tambayar Asalin Rai

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano ya san Jakara, in bai san ta da ido ba to ya san ta da hanci. Korama ce wadda ta ratsa tsakiyar birni ta gefen Kasuwar Kurmi, tana kwasar ruwan sama da na kwatocin unguwanni, sa'an nan ta fita ta nufi arewa maso gabas, ta gamu da Getsi mai ɗauke da dattin masana'antun Bompai, har su je su zube a dam ɗin Wasai. Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya nuna cewa a zamanin Barbushe wurin kurmi ne mai duhuwa, ana ce masa Kurmin Baƙin Ruwa saboda launin ruwansa, kuma mutanen wancan zamani sun ɗauka cewa idan wata masifa na tafe, daga can ne alamarta ke fara fitowa.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayani a kan sinadaran nan biyu da masana ke kira DNA da RNA, da kuma abin da bincike ya gano game da yadda mai yiwuwa suka samu a farkon duniya. An zaɓi a ɗora bayanin a kan Jakara domin dalilai biyu. Na farko, a shekarun baya-bayan nan an karanta ɗaya daga cikin waɗannan sinadarai a cikin ruwanta, kuma karatun ya shafi lafiyar yaran birni. Na biyu, ɗalibin harshe yana da hakkin ya gwada ko Hausa za ta iya ɗaukar irin wannan kaya ba tare da ta durƙusa ba.

Tsutsa daga ina?

Bahaushe ya ce tsutsar nama ita ma nama ce. Karin maganar tana da ma'anarta ta zaman jama'a, amma a ƙarƙashinta akwai wata tsohuwar fahimta, watau cewa ruɓaɓɓen nama shi ne ke rikiɗa ya zama tsutsa. Haka nan akan ji ana cewa datti ne ke haifar da kwarkwata, ko kuwa ƙananan kwaɗin da ke cika gari bayan ruwan farko daga sama suka faɗo. Ba Hausawa kaɗai suka yi wannan zato ba. Aristotle na ƙasar Girka ya koyar da irinsa, kuma an bi shi a kai shekaru wajen dubu biyu.

A 1668 wani likitan Italiya, Francesco Redi, ya sa nama a cikin kwalabe, ya bar waɗansu a buɗe, ya rufe bakin waɗansu da ƙyalle mai shara-shara. Tsutsa ta fito a inda ƙuda ya samu sauka kawai. Da aka ƙirƙiro madubin ƙara girma aka ga ƙananan halittun da ido ba ya gani, sai gardama ta koma kansu, har Louis Pasteur na Faransa ya kashe ta tsakanin 1859 da 1862. Ya tafasa romo a cikin kwalba mai dogon wuya lanƙwasasshe, wanda iska ke iya shiga amma ƙura ta maƙale a hanya, romon kuwa ya zauna bai lalace ba. Daga nan aka tsaya a kan cewa mai rai daga mai rai yake fitowa.

Sai dai wannan amsa ta haifi tambayar da ta fi ta wuya. Masana sun ƙiyasta shekarun duniya da miliyan 4,540, kuma a yankin Pilbara na Ostireliya akwai duwatsu masu ɗauke da sawun ƙananan halittu na shekaru wajen miliyan 3,500 da suka wuce. Ke nan akwai lokacin da babu mai rai a bayan ƙasa, sa'an nan aka wayi gari akwai shi. Abin da masana kimiyya ke nema shi ne matakan da ke tsakanin waɗannan lokuta biyu.

Zaren gado

Ba a wuri mai tsabta aka fara gano sinadarin ba. A 1869, a garin Tubingen na Jamus, wani matashin likita ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Friedrich Miescher yana karɓo tsummokin ɗaurin miki daga asibiti, yana wanke mugunyar da ke jikinsu domin ya samu ƙwayoyin halitta. Daga cibiyar waɗannan ƙwayoyi ya fitar da wani abu mai yawan fosfet wanda bai yi kama da furotin ba. Daga kalmar da ke nufin cibiyar ƙwayar halitta ne sunan sinadarin ya samo asali a harsunan Turai. A nan akwai tarko ga mai fassara, domin idan ya ce asid na nukiliya, Bahaushe zai zaci maganar makamai ake yi. Saboda haka a wannan maƙala za a kira shi zaren gado, tun da siffarsa ta zare ce, aikinsa kuwa ɗaukar gadon kama da hali daga iyaye zuwa 'ya'ya.

An daɗe ba a san wannan aiki nasa ba. Sai a 1944 Oswald Avery da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa DNA ne ke sauya halin ƙwayoyin cutar namoniya ya kuma bi zuriyarsu. A 1953 James Watson da Francis Crick suka bayyana siffarsa a Kambirij ta Ingila, bisa taimakon hotunan da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin a Landan.

Mai karatu ya kwatanta carbi. Igiyar carbin sukari ne da fosfet suna bin juna, ɗaya bayan ɗaya, kuma a jikin kowane sukari akwai ƙwaya ɗaya daga cikin iri huɗu: adenin, timin, guwanin da sitosin, waɗanda ake taƙaitawa da A, T, G da C. DNA carbi biyu ne da aka tufka kamar igiya, kuma ƙwayoyin ba sa haɗuwa barkatai. A kullum T take kamawa, G kuwa C. Wannan ƙa'ida ita ce sirrin gado. Idan aka warware tufkar, kowane sili zai nuna yadda abokinsa ya kamata ya kasance, sai a gina masa sabo, igiya ɗaya ta zama biyu masu kama da juna. A nan dai tufka da warwara ba ɓarna ba ce, ita ce aikin. RNA ƙanin DNA ne. Galibi sili ɗaya ne, sukarinsa ana kiransa ribos, kuma a gurbin timin yana da yurasil.

Jerin ƙwayoyin shi ne saƙo, kamar yadda jerin baƙaƙe ke ba da kalma. Uku-uku ake karanta su, kowane uku suna nuna amino asid guda daga cikin ashirin da ake gina furotin da su. Rubutun ɗan Adam ya haura baƙaƙe miliyan 3,000, kuma da za a miƙe zaren da ke cikin ƙwayar halitta guda, da ya kai wajen mita biyu.

Abin da aka karanta a ruwan Jakara

Ƙwayar cutar shan inna ba ta da DNA. Zaren RNA ne guda mai baƙaƙe kimanin 7,500, a cikin ƙoƙon furotin. Tana hayayyafa a hanjin yaro ta fita ta bayan gida, kuma cikin yara ɗari da suka kamu, da wuya a samu fiye da ɗaya da ƙafarsa za ta shanye. Ma'ana, idan jami'an lafiya suka tsaya jiran su ga shanyayyen yaro, cuta ta riga ta zaga unguwa ba su sani ba. Wannan ya sa a 2011 aka fara ɗibar ruwan magudanu a Kano, wadda ita ce jiha ta farko a Nijeriya da aka soma haka, kuma Jakara na cikin wuraren farko da aka zaɓa. Akan ɗebi ruwan a kai ɗakin bincike na Ibadan a tace, a raya ƙwayar idan akwai ta, sa'an nan a karanta wani yanki na zarenta mai baƙaƙe wajen 900. Kwalba guda ta baƙin ruwa tana ba da labarin dubban gidaje. Mutanen Barbushe sun nemi gargaɗin masifa a wannan wuri ta hanyarsu, ga shi kuma an dawo ana nema ta wata hanya dabam.

Yadda ake gane asalin ƙwayar zai yi wa ɗaliban adabi sauƙin fahimta fiye da kowa. Wanda ya taɓa gwada kofe biyu ko uku na wata tsohuwar waƙar ajami ya san cewa kowane mai kwafa yana yin kuskurensa, wanda ya kwafa daga gare shi kuma ya gaji kuskuren ya ƙara nasa. Ta bin waɗannan kurakurai ake sanin wane kofe ne ya fito daga wane. Haka zaren shan inna yake. A yankin da ake karantawa, kusan baƙi ɗaya cikin ɗari ke sauyawa a shekara, don haka ana iya cewa wannan ƙwaya jikar waccan ce, kuma ta yi wata kaza tana yawo a ɓoye. Da wannan dabara aka gane cewa cutar da ta ɓulla a Yaman da Indonesiya a 2005 daga arewacin Nijeriya zuriyarta take, bayan dakatar da rigakafi da aka yi a Kano daga 2003 zuwa 2004. Yaro na ƙarshe da ƙwayar daji ta shanye a Jihar Kano an same shi a Sumaila a 2014, kuma a watan Agusta na 2020 aka tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da ita. Amma irin da ke rikiɗowa daga maganin ɗigo a inda yara ba su samu isasshen rigakafi ba bai ƙare da wannan shela ba, shi ma kuma ta karatun zarensa ake bin sawunsa.

Akwai wani abu kuma game da wannan ƙwaya da ya shafi batun asali kai tsaye. A 2002 Eckard Wimmer da abokansa a Amurka suka ɗauki rubutaccen jerin baƙaƙenta, suka harhaɗa zaren daga sinadarai, aka kuwa samu ƙwayar da ta shanye ɓeraye. Waɗansu sun yi ta cewa an ƙirƙiri rai, amma maganar ta yi yawa. Masu binciken kwafa suka yi daga rubutun da suka tarar, kuma sai da suka zuba zaren a cikin ruwan da aka tatso daga ƙwayoyin halitta kafin ya yi aiki. Abin da gwajin ya tabbatar dai shi ne cewa zaren gado sinadari ne kamar sauran sinadarai, ana iya ƙera shi.

Awartakin farko

Maƙeri ba ya ƙira sai da awartaki, awartaki kuwa maƙeri ke ƙera shi. To, da me aka riƙe ƙarfen awartakin farko? Irin wannan ƙulli ne ya daɗe yana damun masana. DNA ba ya kwafar kansa sai da taimakon furotin, furotin kuma ba ya samuwa sai da umarnin DNA.

An fara ganin bakin zaren a 1982 da 1983, lokacin da Thomas Cech da Sidney Altman, kowa a nasa ɗakin bincike, suka gano cewa RNA yana iya naɗewa ya yi aikin da aka zaci furotin kaɗai ke yi, watau yanka da ɗinki. An ba su kyautar Nobel a 1989. A 2000 kuma aka ga cewa a cikin ribosom, wanda shi ne maƙerar furotin a jikin kowane mai rai, RNA ne ke haɗa amino asid da ɗan'uwansa. Ashe RNA takarda ne kuma maƙeri ne. Daga nan ra'ayin da Walter Gilbert ya raɗa wa suna duniyar RNA a 1986 ya yi ƙarfi, watau cewa an yi wani zamani da RNA ke ɗaukar saƙo yana kuma kwafar kansa, kafin DNA da furotin su zo su raba aikin. Wannan shi ne ra'ayin da ya fi rinjaye, ko da yake akwai masu ganin cewa sarrafa abinci ne ya riga kwafa, suna nuni da maɓuɓɓugan ruwan zafi na ƙarƙashin teku waɗanda aka fara gani a 1977.

Ko an yarda da duniyar RNA, sai an faɗi inda kayan gininsa suka fito. Alexander Oparin na Rasha a 1924 da J. B. S. Haldane na Ingila a 1929 sun kawo shawarar cewa iskar farkon duniya ba ta da oksijin, kuma walƙiya da hasken rana za su iya dafa sinadaran rai daga cikinta. A 1953 Stanley Miller, ɗalibi a Jami'ar Chicago ƙarƙashin Harold Urey, ya buga sakamakon gwajinsa. Ya rufe ruwa da mitan da amoniya da haidurojin a cikin kwalabe, ya riƙa sakar musu tartsatsin lantarki, cikin mako guda ruwan ya rine, aka samu amino asid a ciki. Daga baya masana ƙasa sun nuna cewa iskar farko ba lalle ta yi kama da wadda ya haɗa ba, wannan kuwa ya rage wa gwajin ƙarfi, amma bai rushe darasinsa ba. A 1961 Joan Oró ya samar da adenin daga sayanaid da amoniya, watau ɗaya daga baƙaƙen rai ya fito daga guba.

Wuyar da ta rage ita ce haɗa ƙwaya da sukari da fosfet, domin idan aka yi kowane dabam, ƙin manne wa juna suke yi. An shafe shekaru wajen arba'in a nan, sai a 2009 John Sutherland da ɗalibansa a Manchesta suka bi wata hanya. Maimakon su gama sukari su gama ƙwaya sa'an nan su haɗa, sai suka gina su tare tun daga tushe, suka samu biyu daga tubalan RNA huɗu.

Sama ma ta ba da nata. Dutsen da ya faɗo a Murchison ta Ostireliya a 1969 an same shi da amino asid masu yawa, daga baya aka samu ƙwayoyin zaren gado da ribos a cikinsa. Ƙurar da kumbon Amurka ya kawo daga dutsen Bennu a 2023 an bayyana a 2025 cewa tana ɗauke da dukan ƙwayoyin biyar. Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce ga irin wannan saƙo. Ranar 3 ga Oktoba 1962 wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo a Zagami ta ƙasar Katsina, aka kuma tabbatar daga duniyar Mirrihu ya ɓallo. Shi ba irin mai ɗauke da waɗannan sinadarai ba ne, amma shaida ne cewa duwatsu na tafiya daga wata duniya zuwa wata.

Ruwa, rani da kanwa

Abin mamaki shi ne, ruwan da rai ba ya yi sai da shi, shi ne kuma abokin gabar zaren. Duk lokacin da tubali ya haɗu da tubali, sai an fitar da ɗigon ruwa daga tsakaninsu, idan kuwa ruwa ya yi yawa, komawa yake yi ya tsinka haɗin. Saboda haka teku mai faɗi ba wurin tufka ba ne, kome aka zuba a cikinta tsarma shi take yi. Wannan ya sa masana da dama suka koma ga tunanin da Charles Darwin ya rubuta wa abokinsa Joseph Hooker a wasiƙa a 1871, na ɗan ƙaramin tafki mai ɗumi da gishiri iri-iri.

Wanda ya san kududdufan Kano, tun kafin a cike yawancinsu a yi gini, ba ya bukatar dogon bayani. Damina ta cika su ta kwaso musu kome da kome, rani ya zo ruwa ya janye, abin da ke ciki ya yi kauri, daga ƙarshe ya bushe ya bar ɓawo a kan laka, wata daminar ta sake jiƙa shi. Gwaje-gwaje sun nuna cewa irin wannan jiƙa da bushewa yana sa tubalai su manne su yi tsawo. Lakar ma tana da nata aiki, domin James Ferris ya nuna a 1996 cewa wani nau'in yumɓu yana jera tubalan RNA a bisa fuskarsa har su kai wajen hamsin. Mai karatu Musulmi zai tuna da ambaton ruwa da yumɓu a cikin Alƙur'ani game da halitta, amma ya kamata a yi hattara da ɗora aya a kan gwajin da gobe wani gwajin zai iya rushewa. Ɗakin bincike yana tambayar ta wace hanya abu ya faru, ba shi da ma'aunin da zai auna Wanda ya nufa ya faru.

Saura fosfet. A yawancin ruwaye kalsiyam yana kama shi su zama dutse su nutse, abin da ya rage a narke ba ya isa kome, alhali gwajin Sutherland yana bukatarsa da yawa. A 2019 Jonathan Toner da David Catling na Jami'ar Washington suka nuna mafita a cikin tafkunan kanwa. A can sinadarin kanwa ne ke riga kama kalsiyam, sai fosfet ya tsira, yana ƙara taruwa yayin da rana ke shanye ruwan. Kanwar da fatake suka yi ɗaruruwan shekaru suna kawowa Kasuwar Kurmi daga Manga da bakin Tafkin Chadi, a kan jakuna da raƙuma, daga irin waɗannan tafkuna ake haƙo ta. Mai kunun kanwa da mai ba dabbobi lasa suna riƙe da gishirin da wasu masana ke zaton a cikin irinsa aka fara tufka.

To, me ya hana sabon rai tasowa a Jakara yau, ga ɗumi, ga laka, ga sinadarai? Darwin ya amsa wannan a cikin wasiƙar tasa: duk abin da ya fara haɗuwa yanzu, masu ran da suka riga shi za su cinye shi nan take. Ƙari a kan haka, oksijin ɗin da ya cika iska a yau yana lalata irin waɗannan sinadarai. Kuma ko a ɗakin bincike, inda babu mai cinyewa, ba a taɓa zuba sinadarai masu sauƙi a bar su su kaɗai, a dawo a tarar da zaren da ke ci gaba da kwafar kansa ba. An samu tubalai, an samu gajerun zarurruka, an samu RNA mai kwafar wani RNA idan mai bincike ya tsaya a kansa yana ba shi kaya. Yadda aka yi baƙaƙe uku suka zama sunan amino asid guda, har kowane mai rai daga ƙwayar shan inna zuwa yaron da take kamawa suke karatu da ƙa'ida ɗaya, wannan har yanzu ana kan bincikensa.